Kunnen da Ba Ya Gyara Magana: Aiki da Rikoda a Nima da Maamobi

Duk ɗalibin da ya daɗe yana karatun daidaitacciyar Hausa yakan wayi gari da wani hali da bai san yana da shi ba: kunnensa yakan gyara magana tun kafin ta isa ga alƙalaminsa. Idan tsohuwa ta ce "yarinya ya tafi kasuwa", abin da zai sauka a takardarsa shi ne "yarinya ta tafi kasuwa", kuma da za a tambaye shi, zai rantse cewa haka ya ji. Bai yi niyyar ƙarya ba. Nahawun da aka koya masa tun yana ƙaramin aji ne ya tsaya tsakaninsa da bakin mai magana, kamar tafintan da ba ya iya maimaita abin da aka faɗa sai ya sa masa riga. Wannan hali yana da amfani ga mai tace labarai a gidan jarida, amma ga mai nazarin karin harshe asara ce babba, domin abin da ya fito nema shi ne ainihin abin da kunnensa ke sharewa. Dalilin da ya sa ke nan ba na shiga unguwannin Nima da Maamobi na birnin Akara, a ƙasar Gana, ba tare da 'yar rikoda ta hannu a aljihuna ba. Ita na'urar ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta kuma da ra'ayi a kan wace Hausa ce ta fi kyau. Abin da aka furta shi take riƙewa.

Kafin a yi maganar na'ura, ya kamata a san bakin da za a kara mata. Hausa ta isa ƙasar da ake kira Gana a yau ta hanyar fataucin goro. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwa sukan yi watanni a hanya zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga ta kasance matattarar goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Inda ayari ya sauka shi ne zango, daga nan kuma kalmar ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a kowane gari, ana rubuta ta "zongo". Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mazauna garin zuwa Kete Krachi da Kumasi da wasu wurare har bakin teku. Wata hanyar kuma ta soja ce: rundunar da Kyaftin John Glover ya tara, wadda aka sani da Hausawan Glover, ta shiga yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a zamanin mulkin mallaka. A Akara, wadda tsofaffi ke kira Ankara, Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20, ana kuma danganta kafuwar Nima da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai harkar shanu.

A yau Nima da Maamobi unguwanni ne masu cunkoso, maƙwabtan juna, babbar kwata ta ratsa tsakaninsu. Mazaunansu sun haɗa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagwambawa da Kotokoli da Wangarawa da Yarabawa da wasu da dama, kuma abin da ya haɗa bakinsu a kasuwa da masallaci da wurin suna shi ne Hausa. Akwai mutane da yawa da kakanninsu ba su fito daga ƙasar Hausa ba, amma da Hausa suka buɗe baki, da ita aka yi musu faɗa suna yara. Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu, a littafinta Korle Meets the Sea na 1997, ta sa Hausa cikin manyan harsuna huɗu na birnin, tare da Ga da Akan da Ingilishi. Masana sukan kira wannan karin harshe Gananci, masu shi kuwa Hausa kawai suke ce masa.

Sai dai karin harshe ne da rabonsa a takarda kaɗan ne. Hausa ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Gana ke wallafa littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Fitattun rubuce-rubucen Hausa da aka yi a wannan ƙasa a da kuwa ayyukan malamai ne. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, haifaffen Kano ne. Tatsuniyoyi da labaran da R. S. Rattray ya buga a 1913 ma Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami. Waɗannan ayyuka taska ce, amma Hausar alƙalami suke nuna mana. Hausar mai tuya a bakin titi, da ta direban motar haya ta trotro, da ta matan da ke rabon goro a gidan biki, a baki take zaune, baki kuwa ba ya dawwama. Tsofaffin da suka ga Nima tana da fili suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Jikokinsu suna jin Hausar Kano a finafinai da sashen Hausa na BBC da wa'azin da ke yawo a WhatsApp, suna kuma cuɗa maganarsu da Twi da Turancin buroka. Abin da ba a ɗauka yau ba, nan gaba sai dai a ba da labarinsa.

Rikodar da nake nufi ba ta wuce cikin hannu ɗaya ba, irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X, masu makirfo biyu a ka, da ɗan allo mai nuna ƙarfin sauti, da katin ajiya, da batir biyu. Wani zai ce me ya hana a yi da waya, tunda kowa na da ita? Waya takan fitar da mutum kunya idan babu wani abu, amma an ƙera ta ne domin hira ta yi daɗi a kunne, saboda haka takan rage hayaniya da kanta, ta ɗaga murya ta sauke yadda ta ga dama, ta kuma matse sautin domin ya yi sauƙin aikawa. Wato ita ma gyara take yi, irin na kunnen ɗalibi. Bambancin da ke tsakanin k da ƙ yana cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma irin wannan ne matsewa ke iya dusashewa. Don haka nakan saita rikoda a kan tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai, in bar MP3 ga masu sauraron waƙa. Idan aka sa ta a 48 kHz da bit 24, wato tana auna sautin sau 48,000 a kowace daƙiƙa, hirar awa ɗaya za ta ci kimanin gigabait ɗaya, katin gigabait 32 kuwa zai ɗauki wajen awa 30.

Sai ƙarfin ɗauka. A kashe saitin da ke daidaita shi da kansa, a sa mutum ya yi magana yadda ya saba, a juya ma'aunin har ƙololuwar muryarsa ta riƙa tsayawa wajen -12 a allon. Tazarar da aka bari ita ce za ta karɓi dariya ko ɗaga murya, domin idan sauti ya bugi sifili ya fashe, babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Nisa ma yana da hukuncinsa: duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yakan ragu da kimanin desibel 6, alhali hayaniyar unguwa tana nan yadda take. Taƙi ɗaya ko biyu daga baki ya isa, a ɗan karkata gefe don kada numfashi ya riƙa bugun makirfon. Nakan sa mata hular soso saboda iska, in ɗora ta a kan 'yar ƙafarta ko a kan naɗaɗɗen tawul, domin motsin yatsa a jikinta yakan fito kamar tsawa. Ba na fara hira sai abin sauraro yana kunnena, don in ji abin da na'urar ke ji. Batir na ajiya kuwa ba ya rabuwa da jakata, domin mutanen Gana ba don wasa suka ƙirƙiro kalmar dumsor ba, wato ɗauke wuta da kawo ta.

Wanda ya fara sa abin sauraro a Nima zai yi mamakin yawan abin da kunnensa ya saba yafewa. Kunnen ɗan'adam yana da zaɓi: a tsakiyar kasuwar Laraba ta Nima mutum yana iya jin abokin cinikinsa sarai, ya manta da sauran duniya. Rikoda ba ta san wanda ka zo saurara ba. Ƙarar babura, da yaran mota masu kiran fasinja, da injin markaɗe, da janaretan maƙwabci, da rediyon mai shayi, duk a wurinta daidai suke da muryar dattijon da ka yi mako guda kana neman ganinsa. Saboda haka rabin aikin zaɓen wuri ne da lokaci. Ɗaki mai katifa da labule da tufafi a rataye ya fi zaure mai siminti tsirara, wanda ke mayar da amo. Fanka babbar abokiyar gaba ce, kuma roƙon a kashe ta a zafin Akara ba ƙaramin roƙo ba ne, shi ya sa nake taƙaita zama a irin wannan ɗaki. Idan ruwan sama ya sauko a kan rufin kwano, sai a haƙura a sha hira kawai. Idan ladan ya ɗaga murya sai a dakata, don ladabi, da kuma don lasifika ta fi ƙarfin kowa. Duk da haka nakan ware minti biyu in ɗauki hayaniyar wurin ita kaɗai, domin ita ma shaida ce ta inda wannan Hausa ke rayuwa.

Mafi nauyin al'amarin dai yana wajen mutane, domin murya amana ce, kuma mutanen zongo suna da dalilin yin taka-tsantsan da mai na'ura. A Gana kowa ya san sunan Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar da ya yi suna wajen ɗaukar masu karɓar rashawa a ɓoye, har da alƙalai a 2015 da jami'an ƙwallon ƙafa a 2018. Da wuya in fito da rikoda a bes, wato majalisar samari masu dafa shayin ataya, irin wadda ake kira fada a Nijar, ba tare da wani ya ce cikin raha, "Malam, ko kai ne Anas?" ba. Tsofaffi kuma nasu dalilin ya fi wannan zurfi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, kuma unguwannin zongo sun ga tashin hankali, aka rabu da gidaje da dukiya da maƙwabta. Har yau tambayar "daga ina kakanka ya zo?" tana da kaifi, domin wasu na amfani da ita wajen tuhumar ko mutum ɗan ƙasa ne. Ɗalibi yana yin ta ne don ya gano asalin wani furuci, mai amsawa kuwa yana tuna katin ɗan ƙasa da rajistar zaɓe. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka rowar magana ake yi masa.

Don haka ba na ɗaukar kowa a ɓoye, ko da yake na san maganar da ba a san ana ɗauka ba ta fi fitowa a sake. Dokar ƙasar ma ba ta yarda ba: sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin sadarwar mutum, akwai dokar kare bayanai ta 2012, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa naɗar maganar mutum ta waya ba da saninsa ba keta haƙƙinsa ne. Amma tun kafin doka akwai mutunci. Baƙo ta ƙofa yake shiga: a gaida sarkin unguwa ko limami, idan da mata za a zauna a nemi magajiya, a kuma sami ɗan gari da aka yarda da shi ya yi jagora. Nakan bayyana abin da nake nema, da wanda zai ji, da inda za a ajiye, sannan in ɗauki amincewar da bakin mai ita a farkon faifan, domin takardar sa hannu takan tsorata wanda ba ya karatun boko. Nakan nuna musu jar fitilar da ke kunnuwa idan ana ɗauka, in shaida musu cewa su ne masu ikon kashe ta. Wata rana a Maamobi wata dattijuwa tana ba ni labarin aurenta, da ta iso kan wata rigimar gado sai ta nuna na'urar da haɓa ta ce, "Dana, kashe abun nan tukuna. Wannan magana na gida ne." Na ce, "To, Hajiya, ga shi na kashe." Abin da ta faɗa bayan nan ya fi duk abin da ke faifan armashi, kuma ba ya cikin ko ɗaya daga littattafaina. Da ta gama, ita da kanta ta ce a kunna.

Bayan an sami izini sai wata matsala ta taso, wadda masanin walwalar harshe William Labov ya bayyana a 1972: muna son jin yadda mutane ke magana idan ba a sa musu ido, alhali ba mu da hanyar ji sai ta sa musu idon. A zongo abin yana da nasa launi. Da zarar fitila ta yi ja, mutum yakan gyara zama ya ɗauko Hausar rediyo, ya fara laluben "ta" da "ce" a inda bai saba sa su ba. Wasu ma da ba da haƙuri suke farawa, su ce Hausarsu ta lalace, gara in je wurin malam wane da ya yi karatu a Kano ko Zariya. Wannan magana takan sosa mini rai, domin tana nuna cewa an daɗe ana auna bakin mutane da mudun wani gari. Amsata ita ce Hausar Kano tana da masu rubuta ta, tasu na zo ji. Daga nan sai haƙuri: a bar hirar ta yi nisa har a manta da na'urar, a haɗa mutum biyu da suka saba da juna, mai ɗauka ya koma gefe. Tambaya kuma ta zama a kan abin da hannu ya sani, kamar yadda ake dafa shinkafa da wake da karan dafi har su yi ja, ko yadda ake yanka babbar riga, domin mai bayanin sana'arsa ba ya da lokacin gadin nahawu. Ita ma Hausar rediyon ba na zubar da ita, tunda tana nuna abin da mai magana ya ɗauka shi ne daidai, wannan kuwa ilimi ne.

To, me ake ji idan an koma masauki an kunna? Abu na farko shi ne jinsi. A bakin mutane da yawa siffofin namiji sun ɗauke aikin na mace, a ji "mota na" da "magana ne" da "mace ya zo". Wanda ya san Zazzaganci ba zai ga abin baƙo ƙwarai ba, tunda a can ma ana jin "riga na", sai dai a Gana ya yi nisa har ya shafi mutane. Na biyu, ky da gy sukan koma c da j, a ji "da cau" a madadin "da kyau". Shahararren abincin nan waakye shaida ne: sunansa daga "wake" ya fito, an kuma rubuta shi da ƙa'idar Akan, inda ky ke wakiltar sautin c. Na uku, baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k. Sai kalmomin aro daga Twi, irin su "paa" ta ƙarfafa magana da "koraa" mai ma'anar "ko kaɗan". Aron kuwa bai bi hanya ɗaya ba. Koko da koose da tuo zaafi duk daga Hausa Gana ta karɓe su, haka ma kayayei, sunan mata masu dako a kasuwa, wanda ya haɗa "kaya" na Hausa da kalmar Ga mai nufin mata.

Ga misali guda da ke nuna abin da takarda ba ta iya yi. A ɗauki kalmomi uku: baki na cin abinci, da baƙi jam'in baƙo, da baƙi na launi. A rubutun boko ta biyu da ta uku kamanninsu ɗaya, alhali a furuci sun bambanta: ta baƙunta wasalinta na farko dogo ne, karin sautinta ƙasa sannan sama, ta launi kuwa wasalin gajere ne, sautin duka sama. Ta farko da ta biyu ƙugiya kaɗai ta raba su. A bakin wanda ya ajiye ƙugiya ke nan, bakin cin abinci da baƙin baƙunta za su zama abu ɗaya, sai muhallin magana ya raba su. Ta launi kuwa za ta ci gaba da zama daban muddin mai maganar ya riƙe tsawon wasali da karin sauti. Shin ya riƙe? Boko ba ya rubuta ko ɗaya daga cikin biyun, saboda haka littafin rubutu ba zai amsa ba ko an cika shi. Faifai ne zai amsa, idan aka buɗe shi a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, aka auna tsawon wasalin da hawa da saukar muryar. Faifan kuma yakan hana mutum yi wa unguwa kuɗin goro. Akwai gidajen malamai da ƙugiya ke nan daram, akwai wanda ya yi zama a Agege ta Legas ya dawo da wani kari, akwai Bazabarmen da Hausarsa ta Yamai ce, akwai kuma mutum guda da zai ce "ƙasa" a gaban malaminsa ya ce "kasa" a bes.

Wurin da amanar ke fuskantar jarrabawa mafi tsanani shi ne teburin rubutu. Rikoda ta riga ta yi nata, kunnen nan mai gyara ya dawo bakin aiki, hannu kuma ya saba sa ƙugiya ba tare da shawara ba. Kariyar da na sani ita ce layi biyu: a sama abin da aka furta, harafi da harafi, a ƙasa daidaitacciyar Hausa ga mai buƙata. Manhajar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen kyauta ce, kuma tana ɗaure kowane layi da daƙiƙar da aka faɗe shi, yadda duk mai shakka zai iya komawa ya ji da kansa. Shi ya sa na rubuta "Dana" da "magana na gida ne" yadda Hajiya ta faɗa. Da na gyara, da na sa mata kalmomin da ba nata ba a baki. Aiki ne mai cin rai, minti ɗaya na hira yakan cinye mini minti 15 ko fiye. Akwai kuma tarko na biyu, kishiyar na farko: wanda ya karanta cewa Gananci ba shi da ƙugiya zai fara cire ta ko a inda aka furta ta, don faifai ya dace da littafi. Maganin duka biyun shi ne a zauna da haifaffen unguwar a saurara tare. Shi ne zai ce maka wannan kalma Twi ce, waccan zaurancen samari ce, wannan kuwa laƙabin wani ne, a cire shi kafin kowa ya ji. Sunansa ya cancanci shiga aikin, lokacinsa kuma ya cancanci lada.

Saura ajiya. A farkon kowace ɗauka nakan faɗi kwanan wata da unguwa da batun hira da bakina, domin sunan fayil yana iya sauyawa, amma abin da ke cikin sautin yana nan. A daren ranar nakan kwafe shi wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen gidan da nake kwana. Duk wanda ya ga yadda kaset-kaset na wa'azi da na biki suka yi funfuna a akwatuna saboda danshin bakin teku ya san cewa ɗauka daban, adanawa daban. Abin koyi yana Legon, a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana, inda ake adana sautukan da Farfesa J. H. Kwabena Nketia ya fara tarawa tun shekarun 1950. Sun kawo yau ne saboda an rubuta bayaninsu, an kuma sauya musu mazubi da zamani ya sauya. Kwafi guda kuwa haƙƙin mai muryar ne. Wani tela a Nima ya karɓi nasa a katin waya, ya ce zai aika wa 'ya'yansa da ke unguwar Bronx a Amurka, domin jikokinsa su ji yadda ake magana a gidansu. Ni don wasula da karin sauti na ɗauki hirar, shi kuwa ya ga wata fa'ida da ta fi tawa kusa da dalilin da ya sa ake adana harshe.

Babu mai cewa a yar da daidaitacciyar Hausa. Ita ce ta sa ɗan Maradi da ɗan Yola da ɗan Kumasi ke karanta shafi guda su fahimta, kuma aikin da aka yi a kanta tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006 abin godiya ne. Amma ma'aunin rubutu ce, kuma ya kamata ɗalibi ya san lokacin da zai ajiye ta ya saurara, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ke son ya gane haka da kansa ba sai ya je Akara ba. Ya nemi izinin wani dattijo ko dattijuwa a gidansu, ya ɗauki hirar minti 5, ya rubuta abin da ya ji da ka ba tare da ya kunna faifan ba, sannan ya kunna ya rubuta ta kalma bayan kalma, ya jera takardun biyu. Duk wurin da suka saɓa ya ja layi a ƙarƙashinsa, domin daga nan nazarinsa zai fara.